Tambaya da Amsa: Jiragen yaƙin katako na ƙarshe da Ingila ta ƙera, masu inji da filafilai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni makanike ne a Kaduna, kuma ina da sha'awar tarihin injuna. Na ga wani tsohon hoton jirgin yaƙin Ingila, an rubuta a ƙasansa cewa na wajen 1875 ne. Jikinsa katako, ga dogayen ginshiƙai uku ɗauke da filafilan iska, ga kuma bututun hayaƙi a tsakiya. Abin ya ɗaure mini kai. Idan suna da inji, mene ne amfanin filafilai? Kuma tunda sun iya ƙera jirgin ƙarfe a lokacin, me ya sa ba su rabu da katako ba? Ko taurin kai ne na tsofaffin hafsoshi? Waɗanne ne na ƙarshe a cikin irin waɗannan jirage?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Na ji daɗin wannan tambaya, musamman da ta fito daga bakin mai taɓa inji da hannunsa, domin amsar tana cikin injin da abin da yake ci.

Bari in fara da ƙarshen tambayarka. Jiragen yaƙi na ƙarshe da rundunar sojan ruwan Ingila ta ƙera da katako zalla guda biyar ne, 'yan gida ɗaya: Amethyst, Encounter, Modeste, Diamond da Sapphire. An jefa su ruwa a 1873 da 1874. Matsakaita ne, tsawon kowanne ƙafa 220, faɗi ƙafa 37, nauyi kusan tan 2,000, da igwa 14 da mutum wajen 225. Injinsu na tururi yana kai su gudun kilomita 24 a awa ɗaya idan an matsa masa. Ba mamaki ɗaya daga cikinsu ka gani, ko wani ɗan'uwansu na kusa.

A shekarar 1873 ɗin nan da Amethyst ya shiga ruwa, a ita ce rundunar ta karɓi Devastation, ƙaton jirgin ƙarfe mai sulke wanda ba shi da filafili ko ɗaya, sai inji da manyan igwa huɗu a cikin ɗakuna biyu masu juyawa. Hukuma ɗaya ce ta ba da odar duka biyun. Saboda haka maganar taurin kai ba ta ɗauke nauyin bayanin ba. Mutanen da suka amince da Devastation ba za a ce sun jahilci ƙarfe ba. Aiki biyu ne daban a gabansu, suka yi wa kowanne kayan aikinsa.

Inji ya fara shiga jirgin yaƙi ne da manyan tayoyi biyu, ɗaya a kowane gefe, masu faffaɗan allunan da ke dukan ruwa. Hafsoshi ba su so su ba, kuma suna da hujja: tayar tana cinye wurin da za a jera igwa, sannan harbi ɗaya ya isa ya kakkarya ta. Farfela ce ta warware wannan, tunda a ƙarƙashin ruwa take, injin ma sai a nutsar da shi can ƙasan jirgi inda harsashi ba ya saurin kaiwa. A 1845 aka ɗaure jirage biyu masu kusan girma ɗaya baya da baya, Rattler mai farfela da Alecto mai taya, kowa ya ja. Rattler ya yi gaba da Alecto yana jan sa da baya. Alecto yana da ɗan'uwa mai suna Prometheus, shi ma na katako mai taya, kuma shi ne ya tsaya a gaban Legas a watan Agustan 1861 lokacin da aka sa Oba Dosunmu ya miƙa garin ga Ingila. Na ambace shi ne don ka san cewa wannan tarihin bai yi nisa da mu ba.

Faransa ce ta fara ƙera babban jirgin daga na katako wanda tun asali aka zana shi da inji, wato Napoléon na 1850, aikin wani injiniya mai suna Dupuy de Lôme. Ingila ta mayar da martani da Agamemnon mai igwa 91 a 1852. Daga nan aka shiga tsere. Wasu tsofaffin jiragen ma yanka su aka yi biyu, aka ƙara musu tsawo a tsakiya don inji da tukwanen tururi su samu wuri. Ƙololuwar abin ita ce Victoria, wadda aka jefa ruwa a Portsmouth a watan Nuwamban 1859: hawa uku na igwa, guda 121, da mutum wajen 1,000.

Amma tun kafin a gama fentin Victoria kwananta ya ƙare. A Nuwamban 1853, a tashar Sinop da ke gabar Baƙin Teku, jiragen Rasha sun auka wa na Daular Usmaniyya, kuma cikin makaman da suka yi aiki da su akwai harsashi mai fashewa. Tsohon harsashi dunƙulen ƙarfe ne, ya huda katako ya wuce, kafinta ya zo ya toshe ramin. Sabon kuwa yakan maƙale a cikin katakon ya tarwatse, ya kunna wuta a jikin da ke cike da kwalta da igiya da albarushi. Jirgi ɗaya tak na Usmaniyya ya tsira a ranar, Taif, kuma mai inji ne. Faransa ta ɗauki darasi, a 1859 ta fito da Gloire, jirgin katako da aka lulluɓe da sulken ƙarfe. Ingila ta fito da Warrior a Disamban 1860, jikinsa ƙarfe, sulkensa inci huɗu da rabi. A Maris na 1862, a yaƙin basasar Amurka, jirgin sulke ɗaya mai suna Virginia ya hallaka jiragen katako biyu, Cumberland da Congress, a wuni guda. Bayan wannan babu wanda ya ƙara jayayya. Victoria ta yi shekara uku kacal tana shugabantar rundunar Bahar Rum, daga 1864 zuwa 1867, aka ɗaure ta. Howe, wanda aka ƙera tare da ita, bai taɓa fita aikin yaƙi ba, makarantar horar da yara matuƙa aka mayar da shi.

Katakon ma da kansa ya nuna iyakarsa. A 1858 Ingila ta ƙera Mersey da Orlando, tsawonsu ya haura ƙafa 330, da manyan injuna. A matsayinka na makanike ka san abin da girgizar inji mai nauyi take yi wa jikin da bai da ƙarfin riƙe ta. Jiragen suka riƙa lanƙwasa a kan igiyar ruwa, haɗin allunan yana buɗewa, ruwa yana shiga. Ba su yi dogon kwana ba. Itace ba ya wuce tsawon bishiyar da aka saro shi, sai dai a yi ta haɗi, kuma kowane haɗi wurin rauni ne.

To, manyan sun tafi cikin shekara goma. Abin tambaya shi ne ƙananan da matsakaitan, waɗanda aka ci gaba da ƙerawa har shekara goma sha huɗu bayan Warrior. A nan nake so mu daɗe.

Dalili na farko kwal ne. Amethyst yana ɗaukar kimanin tan 270, kuma idan yana tafiya a hankali da inji, wannan ba zai wuce masa kwana goma ba. Daga kudancin Ingila zuwa ƙarshen Afirka ta Kudu tafiyar mil 6,000 ce ta teku, fiye da ninki biyu na abin da kwal ɗinsa zai kai shi. Zuwa gabar Chile da Peru ya fi haka nisa, domin ba a buɗe mashigin Panama ba sai 1914, dole a zagaya ta can ƙasan Kudancin Amurka. Kwal mai kyau kuma daga Wales ake ɗauko shi a wasu jiragen a kai tashoshi masu nisa a jibge, kafin ya isa kuɗinsa ya ninka. Akwai tsibiran da jirgi zai yi wata da watanni yana yawo a tsakaninsu bai ga buhun kwal ɗaya na sayarwa ba. Ka ɗauka an ba ka mota mai shan mai kamar rijiya, an ce ka tsallaka hamada da ita, gidan mai kuma sai bayan tafiyar sati uku. Iska ita ce man da ba ya ƙarewa. Don haka umarnin da kyaftin yake tafe da shi a fili yake: ya yi doguwar tafiya da filafilai, ya ajiye kwal don shiga tasha da fita, da ranar da iska ta ɗauke, da bin jirgin da ke gudu, da ranar yaƙi. Kyaftin da ya ƙona kwal ba gaira ba dalili sai ya yi bayani a rubuce.

Devastation ya iya zubar da filafilai ne saboda yana ɗauke da kwal fiye da tan 1,500, kuma aikinsa a kusa da gida yake, tekun Ingila da Bahar Rum, inda ga tashoshin Ingila na Gibraltar da Malta. Shi ba a aika shi yawon shekara uku a tekun Pasifik.

Dalili na biyu yana ƙasan jirgi, inda ido ba ya gani. Duk abin da ya zauna a ruwan gishiri, musamman ruwa mai ɗumi irin na gabar Afirka, ciyawa da ƙananan halittu masu ɓawo za su manne masa. Cikin 'yan watanni ƙasan jirgi ya yi gemu, gudunsa ya ragu, cin kwal ya ƙaru. Katako kuma yana da nasa maƙiyin, wata tsutsar ruwa da ke rarake shi ta ciki kamar yadda gara take yi wa azara. Tun 1761 Ingila ta gwada maganin duka biyun a jikin wani jirgi mai suna Alarm: a lulluɓe ƙasan jirgi da siraran fallayen jan ƙarfe. Tsutsa ba ta iya huda shi, ciyawa ba ta son zama a kansa. Sai dai jan ƙarfe da baƙin ƙarfe ba sa zama lafiya a ruwan gishiri. Idan suka taɓa juna sai su zama tamkar batir, ruwan gishiri ya zama ruwan batir ɗin, baƙin ƙarfen ne kuma yake narkewa. Kenan ba a iya manna jan ƙarfe kai tsaye a jikin jirgin ƙarfe. Fentin hana ciyawa na zamanin kuma bai taka kara ya karya ba. Jirgin ƙarfe yana bukatar a shigar da shi busasshen kwami akai-akai a kankare shi, irin wannan kwamin kuwa ƙalilan ne a wajen Turai. Jirgin katako mai rigar jan ƙarfe zai yi shekaru yana aiki ƙasansa na nan sumul.

Har manyan jiragen ƙarfen da za a tura nesa, irin su Shah da zan ambata nan gaba, sai da aka yi musu rigar katako a kan ƙarfen, sannan aka manna jan ƙarfe a kan katakon. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ba son tsohon abu ba ne ya riƙe su.

Na uku gyara ne. Kowane jirgi yana da kafinta da yaransa, da zarto da gizago da kurfi. Idan jirgin katako ya gogi dutse a wani lungun duniya, za su iya sauke allo su sa wani, su cusa zaren tsohuwar igiya a tsakanin haɗin, su bi shi da narkakkiyar kwalta. Farantin ƙarfe da ya yage yana neman maƙera da injin lanƙwasa da masu buga ƙusa da zafi, abin da ba a samu sai a babbar ma'aikata. Ƙari a kan haka, ma'aikatun gwamnati na Devonport da Sheerness suna da tarin busasshen katako da ƙwararrun masassaƙa da suka gaji sana'ar kaka da kakanni, don haka aikin ya zo da araha.

Sai kuma irin aikin da ake so su yi. Ba a ƙera Amethyst don ya kara da jirgin sulken Faransa ba. Aikinsa sintiri ne: ya tsare hanyar 'yan kasuwar Ingila, ya bi jiragen masu fataucin bayi, ya kai jakada, ya auna zurfin ruwa, ya tsaya a gaban wani gari da igwa a buɗe har sai sarkin garin ya sa hannu a takarda. Ba na son a rufe wannan ɓangaren da kyawun filafilai. Ga mutanen da ke bakin gaɓa, waɗannan kyawawan jiragen su ne hannun mulkin mallaka, kuma mutanen ba su da abin da zai huda ko da katakon, balle ƙarfe. Wanda ba shi da harsashi mai fashewa, jirgin katako ma sulke ne a gare shi.

Aikin farko da aka tura Amethyst da Encounter shi ne yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, a ƙasar da yau take Ghana. An sauke matuƙa daga jiragen da ke gaɓa, aka haɗa su runduna, suka bi Janar Wolseley ta cikin kurmi har Kumasi, wadda aka shiga a farkon Fabrairun 1874 aka cinna mata wuta. Ta gabas kuma, wajen kogin Volta, wata runduna ta biyo ƙarƙashin Kyaftin Glover, shi ma hafsan sojan ruwa ne, kuma ƙashin bayan rundunarsa sojojin Hausawa ne irin waɗanda ya fara ɗauka a Legas tun 1863. Kenan akwai Hausawan da suka ga irin jirgin da ka gani a hoto da idonsu, yana tsaye a bayan igiyar ruwa da filafilai a naɗe.

Tunda kai mai inji ne, bari in shigar da kai ciki ka ga yadda ake sauya aiki daga tururi zuwa iska, domin a nan hikimar take. Jirgi ya fita daga tasha da inji, ya yi nisa da gaɓa, iska ta samu. Sai a ba da umarni. A ƙasa masu zuba kwal su janye wuta daga ƙarƙashin tukwane. Bututun hayaƙi a yawancin irin jiragen nan hawa-hawa yake, ana zuge shi ƙasa ya shige cikin kansa don kada ya tare babban filafili ko ya ƙona shi. Saura farfela. Idan aka bar ta a ruwa ba ta juyawa, za ta zama birki, tana jan jirgi baya tana hana shi jin linzami. Don haka aka yi ta da fukafukai biyu kawai, aka zaunar da ita cikin wani firam, aka kuma bar wata rijiya a bayan jirgi daga sama har ƙasa. Injiniya zai juya shaf har fukafukan su tsaya a miƙe, ɗaya sama ɗaya ƙasa, a daidai inda bakin haɗin yake zamewa. Sai a ɗaura igiyoyi da kura, mutane da yawa su jeru su ja, tan-tan na tagulla ya taso a hankali cikin rijiyar yana zubar da ruwa, a kafe shi. A daidai lokacin wasu sun riga sun hau ginshiƙai, sun bazu a kan sandunan da ke gicciye, ƙafa a kan igiya ɗaya, ciki a jingine da sanda, suna kwance filafilai. Ƙarar inji ta ɗauke. Sai kukan igiya da na katako.

Wannan yana nufin jirgi ɗaya yana ɗauke da sana'a biyu da ba sa ga maciji. Na sama suna alfahari da tsabtar daɓen katako da suke gogewa da dutse kowace safiya, na ƙasa kuma su ne masu kawo baƙin ƙura. Ranar lodin kwal kowa sai ya shiga, a yi ta miƙa kwando da buhu tun safe, ƙura ta shiga abinci da gado da huhu, sannan a kwana ana wanki. Injiniyoyi sun daɗe ba a ɗauke su daidai da sauran hafsoshi ba, duk da cewa ranar da iska ta mutu a kusa da duwatsu rayuwar kowa a hannunsu take. Na tabbata wannan ba zai zama baƙon labari a kunnenka ba.

Ranar da aka gwada Amethyst da abin da ba a ƙera shi dominsa ba ita ce 29 ga Mayu, 1877, a gabar kudancin Peru kusa da garin Ilo. 'Yan tawaye magoya bayan Nicolás de Piérola sun ƙwace jirgin sulken ƙasar mai suna Huáscar, suna tare jiragen kasuwa, ciki har da na Ingila. Huáscar ƙarami ne, a kwance yake dab da ruwa, amma yana da sulke da manyan igwa biyu a ɗaki mai juyawa, kuma a Ingilar aka ƙera shi, a Birkenhead. Admiral de Horsey ya same shi da jirage biyu, Shah da Amethyst, babu mai sulke a cikinsu. Aka yi sa'o'i ana musayar wuta. Harbin Ingilishi ya sami Huáscar sau da dama, gomomi, amma kusan duk ya tsaya a kan sulke. Harsashin igwar Amethyst mai nauyin laba 64 bai iya yi masa komai ba in ban da farfasa abin da ke sama. Abin da ya ceci Amethyst biyu ne: yana da saurin juyawa, bai tsaya wuri ɗaya ba, sannan 'yan tawayen ba su ƙware da igwarsu ba, harbinsu a hankali yake kuma yana kuskure. Shah har nakiya mai tafiya da kanta a ƙarƙashin ruwa ya saka, karo na farko da aka harba irinta a yaƙi, ba ta cim ma Huáscar ba. Da duhu ya yi Huáscar ya bi ta ruwa marar zurfi ya sulale, bayan kwana biyu ya miƙa wuya ga gwamnatin ƙasarsa.

A ganina Amethyst sa'a ya taka, kuma hukumar ta gane haka, domin ba a daɗe ba ta tura jirgin sulke ya shugabanci rundunar Pasifik. Abin da zai iya faruwa da shi ya faru da wani bayan shekara biyu. A 21 ga Mayu, 1879, a Iquique, wannan Huáscar ɗin ya gamu da Esmeralda, jirgin katako na Chile mai inji da filafilai, tukwanensa sun tsufa ba ya iya gudu. Huáscar ya yi ta harbinsa, ya soke shi da hancinsa sau uku, Esmeralda ya nutse, fiye da rabin mutanensa suka mutu, ciki har da kyaftinsa Arturo Prat. Hujjar da ta riƙe jiragen katako ita ce can nesa babu mai sulke. To ga shi ƙananan ƙasashe sun fara saya.

Filafilan ma an ga haɗarinsu idan aka ɗora su inda bai dace ba. A Satumban 1870 wani sabon jirgin ƙarfe mai suna Captain, wanda aka haɗa masa ɗakunan igwa masu nauyi da manyan filafilai alhali gefensa dab da ruwa yake, ya kife da dare a yammacin Sifen. Cikin mutum kusan 500, 18 ne suka tsira. Wannan musibar ta taimaka wajen raba aure tsakanin filafilai da manyan jiragen sulke.

Bayan 'yan gidan Amethyst, ba tsalle ɗaya aka yi zuwa ƙarfe ba. An koma yin haƙarƙarin jirgi da ƙarfe, a jera allunan katako a kai, a rufe da jan ƙarfe. Ƙarfe ya ba da ƙarfi, katako ya ba da damar sa jan ƙarfe. Gannet na 1878 irin wannan ne, ya yi aiki a Bahar Maliya, ya yi harbi a Suwakin ta Sudan a 1888 lokacin da mayaƙan Usman Digna suka matsa wa garin, kuma har yau yana nan a ajiye a Chatham ana zuwa kallo. Idan ka ga jirgi mai kama da na katako da aka ƙera bayan 1875 a rundunar Ingila, mai yiwuwa irin wannan ne, ƙashinsa ƙarfe.

Abin da ya sauke filafilai gaba ɗaya ci gaban inji ne. Tsohon inji yana amfani da tururi sau ɗaya ya zubar. Injin Amethyst ya fi shi, tururin yana aiki a ƙaramar silinda sannan ya wuce babba ya ƙara aiki. Daga farkon shekarun 1880 aka samu mai silinda uku a jere, da tukwanen sitil masu jure matsi mai yawa, sai tan ɗaya na kwal ya riƙa kai jirgi inda tan biyu ko fiye suke kai shi a da. Mashigin Suwez da aka buɗe a 1869 ya gajarta hanyar gabas, kuma hanya ce da ba ta yi wa mai dogaro da iska daɗi. Tashoshin kwal da busassun kwamaye suka yawaita. Da aka kai nan, ginshiƙai da igiyoyi da mutanen da ke kula da su sun zama nauyi kawai, kuma a ranar yaƙi idan suka karye sukan faɗo su nannaɗe farfela.

An sayar da Amethyst ga masu farfasa jirage a 1887, shekara 14 kacal bayan shigarsa ruwa, sauran huɗun ma duk sun tafi kafin a yi nisa cikin shekarun 1890. Babu ko ɗaya da ya rage. Wasu tsofaffin manyan sun ƙare a matsayin rumbu ko asibiti ko makaranta a bakin tasha, kamar London da ya zauna a Zanzibar daga 1874 yana zama sansanin ƙananan kwale-kwalen da ke farautar jiragen bayi. Howe kuwa, bayan ya gama renon yara da sunan Impregnable, an wargaza shi, katakonsa ya shiga ginin kantin Liberty da ke Landan a shekarun 1920, yana nan a jikin ginin.

Idan kana son ganin cikakken jirgin yaƙi na katako mai farfela da filafilai, wanda ya taɓa shan wuta a fagen daga, sai ka nemi hotunan Jylland na ƙasar Denmark. An jefa shi ruwa a 1860, ya yi yaƙi a Heligoland a watan Mayun 1864, yanzu yana zaune a busasshen kwami a garin Ebeltoft, inda mutum yake iya sauka ya zaga ƙarƙashinsa. Ka duba bayansa da kyau, wurin da farfela take, za ka ga ramin da ake jan ta sama.